Yamai zuwa Abuja ta sama: kilomita nawa ne, awa nawa ce?

Tsakanin filin jirgin saman Diori Hamani da ke Yamai da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, kimanin kilomita 745 ne a miƙe. Wanda ya saba da tafiyar cikin gida zai fi gane wannan adadi idan aka ce masa daidai yake da nisan Yamai zuwa Damagaram ta sama, kuma kusan haka ne nisan Yamai zuwa Agadas. Diffa, wadda take cikin ƙasarmu Nijar, ta fi Abuja nisa da kusan kilomita 400. Jirgi mai injin jet zai cinye wannan tazara cikin awa ɗaya da ƴan mintoci. Amma ka je wurin masu sayar da tikiti a Yamai ka ce Abuja kake so, sau da yawa abin da za a miƙo maka tafiya ce ta wuni guda, wani lokacin ma har da kwana a hanya. Nisan da Allah ya ajiye tsakanin biranen biyu gajere ne. Tsarin da mutane suka yi ne ya tsawaita shi, kuma matafiyin da ya iya bambance waɗannan biyun ba a cika sayar masa da tikitin wahala ba.

Duk wanda ya bincika a waya zai ci karo da lambobi har huɗu, kowacce kuma gaskiya ce a mazauninta. Wani wuri ya ce 770, wani 745, wani 460, wani 400. Ta farko an auna ta ne daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Ta biyu daga fili zuwa fili, ita ce ta shafi matafiyi. Abin da ya sa ta ragu shi ne filin Yamai yana kudu maso gabashin gari, a kan hanyar Doso, kimanin kilomita 10 daga tsakiya, wato ya ɗan matsa wajen Abuja. Shi kuma filin Abuja yana yamma da birnin, tafiyar kusan kilomita 40 a mota, wato ya matso wajenmu. Sauran biyun ba kilomita ba ne sam. Ita 460 mil ce irin ta ƙasa, wadda Amurka da Ingila ke aiki da ita, kowacce mita 1,609. Ita kuwa 400 mil ce ta ruwa, mai mita 1,852, ma'aunin matuƙan jirage da masu kula da sararin sama a kusan duk duniya. Mutum ya ga 400 ya ɗauka kilomita ce, sai ya zaci Abuja da Wagadugu nisansu ɗaya daga Yamai, alhali Wagadugu kilomita 415 ce ko kusa da haka, kusan rabin na Abuja.

Lissafin nan ba sai injiniya ba. Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu. Ɗaya tana nuna nisansa daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, ɗayar tana nuna nisansa gabas ko yamma da layin Greenwich da ya ratsa ta Landan. Idan ka buɗe taswirar waya ka ɗora yatsa a kan wuri ka riƙe, za su fito. Filin Yamai yana digiri 13.48 arewa, 2.18 gabas. Na Abuja yana 9.01 arewa, 7.26 gabas. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, an raba shi digiri 360, don haka kowane digiri ya tashi kilomita 111.

Ka fara da arewa da kudu. Cire 9.01 daga 13.48, saura 4.47. Ninka da 111, ka sami 496. Wannan ne gangarawar da za ka yi kudu. Sai gabas da yamma: cire 2.18 daga 7.26, saura 5.08, ninka da 111, ka sami 564. A nan akwai gyara guda. Layukan da ke tafiya daga arewa zuwa kudu suna matsowa kusa da juna yayin da ake nisantar layin da ya raba duniya arewa da kudu, har su haɗe a can ƙarshe. Saboda haka digirin gabas da yamma a Yamai bai cika kilomita 111 ba. Ana gyara shi da wani lissafi da ake kira kosinus, na digirin da ke tsakanin wuraren biyu, amma a yankinmu, tsakanin digiri 9 da 14, ninkawa da 0.98 ya wadatar. Sai 564 ya koma 553. Yanzu kana da kilomita 496 kudu da 553 gabas. Ninka kowacce da kanta: 246,016 da 305,809. Haɗa su, 551,825. Nemi tushen wannan adadi a kalkuleta, zai ba ka 743. Ga nisanka nan, bambancinsa da abin da manyan na'urori ke bayarwa bai kai a tsaya magana ba.

Wurare uku ne ake tuntuɓe. Na farko, wasu taswirori suna rubuta digiri da mintoci, kamar 13°29′. Wannan ba 13.29 ba ne. Minti 60 ne a digiri, sai ka raba 29 da 60, ka sami 0.48. Wanda ya manta wannan zai ɓata da kilomita 20 tun bai fara ba. Na biyu, idan ɗaya garin yana yamma da layin Greenwich, kamar Wagadugu da Bamako, haɗawa ake yi, ba cirewa ba. Wagadugu tana 1.5 yamma, Yamai tana 2.1 gabas, tsakaninsu digiri 3.6 ne, ba 0.6 ba. Na uku, wannan dabara ta ɗauki ƙasa a shimfiɗe, don haka tana aiki ne idan nisan bai wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000 ba. Ta isa Bamako, mai kimanin 1,100, ta isa Njamena, mai kimanin 1,410. Idan aka yi nisa da yawa sai lanƙwasar duniya ta shigo. Ka kife ƙwarya, ka ɗora zare tsakanin wurare biyu a bayanta ka ja shi ya ɗame: inda zaren ya kwanta, nan ne gajeriyar hanya, kuma idan aka zana ta a taswirar bango sai ta fito a lanƙwashe. Shi ya sa layin jirgin da ke zuwa Amurka yake yin kamar ya karkata arewa a allon da ke gaban kujera, alhali miƙaƙƙen ke nan.

Paris ce kawai ta zo da sauƙi duk da nisanta, don kusan layi ɗaya take da Yamai: ita tana 2.35 gabas, mu muna 2.11. Arewa sak ake yi. Bambancin digiri 35 da ɗoriya ne, ka ninka da 111 ka sami kimanin kilomita 3,930, tafiyar awa biyar da rabi. Aljas ma kusan a kan layin take, kimanin 2,590.

To, ya jirgin yake cin waɗannan kilomita 745?

Titin tashi da sauka na Yamai ya miƙe ne daga yamma zuwa gabas, shi ya sa aka rubuta 09 a baki ɗaya, 27 a ɗaya bakin. Lambobin suna nuna alƙiblar da hancin jirgi ke kallo: digiri 90 gabas, 270 yamma. Jirgi yana son ya tashi yana fuskantar iska. Da hunturu, lokacin da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, yakan tashi ya nufi gabas, sai ya ɗan karkata dama kawai ya kama hanyar Abuja, wadda take wajen digiri 132, kudu maso gabas. Da damina iska ta juyo daga kudu maso yamma, yakan tashi ya nufi yamma, ta saman gari da kogi, sannan ya yi kwana ya dawo. Wannan kwanar kaɗai ta ƙara wasu kilomitoci. A Abuja ma haka, titinsu 04 da 22 ne, dole jirgi ya zagayo ya daidaita da shi tun daga nesa. Sannan a sama akwai hanyoyi tsararru masu tashoshi da sunaye, ba inda matuƙi ya ga dama yake bi ba. Idan aka tara duka, ba abin mamaki ba ne 745 ta zama 780 ko 800.

Layin da ya miƙe daga Yamai yana wucewa ta kudu da Doso, ya tsallaka iyaka arewa da Gaya kaɗan, ya shiga jihar Kebbi, ya bi ta kusa da Kontagora, sannan Minna, sannan Abuja. Wanda ya zauna a tagar dama, kujera mai harafin F a manyan jirage, idan sama ta washe zai ga kogin Isa, wato Kwara, yana rakiyarsa can gefe, da koren gonakin shinkafa a bakinsa, daga baya kuma ruwan da ya taru a bayan madatsar Kainji ya bayyana daga nesa. Ƙasa tana sauya launi a idonka cikin minti arba'in, daga jan yashi da tsirarun itatuwa zuwa kore mai duhu da duwatsu.

Kashi uku tafiyar take. Hawa yana cin kamar minti 20, kuma kafin jirgi ya kai tsayin da zai daidaita ya riga ya ci kilomita 200 ko fiye, wato ya kai bakin iyaka. A daidai nan ne masu kula da sararin sama na Yamai, ma'aikatan hukumar ASECNA da aka kafa tun 1959, suke miƙa shi ga takwarorinsu na Najeriya, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar NAMA, a yankin sama da ake kira na Kano. Akwai wata ƙa'ida mai kyau a nan: jirgin da ya nufi ɓangaren gabas yana tafiya a tsayi mai lambar mara, kamar ƙafa 33,000 ko 35,000, wanda ya nufi ɓangaren yamma kuma a mai lambar cika, 34,000 ko 36,000. Ta haka mai zuwa Abuja da mai dawowa ba za su haɗu a tsayi ɗaya ba. Tafiyar daidai ba ta wuce minti 25, a gudun kilomita 830 a awa ko kusa da haka. Sai sauka. Matuƙa suna lissafin mil 3 na ruwa ga kowace ƙafa 1,000 da za a sauko. Daga ƙafa 35,000 ke nan mil 105, kusan kilomita 195. Saboda haka da an wuce Kontagora za ka ji ƙarar inji ta ragu, kunnenka ya fara toshewa. A sama gaba ɗaya minti 65 zuwa 70 ne. Abin da ake rubutawa a tikiti kuwa yana farawa ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga mazauninsa zuwa lokacin da ya tsaya cak a can, don haka za ka ga awa ɗaya da minti 25 ko da rabi.

Ga hanya mai sauƙi ta ƙiyasta kowace tafiya: raba nisan da 800, ka ƙara rabin awa. Wagadugu za ta ba ka awa ɗaya. Njamena awa biyu da kwata. Jidda, mai kimanin kilomita 4,000, awa biyar da rabi. Idan jirgi mai farfela ne, raba da 500 ga ATR 72, ko da 650 ga Dash 8 Q400, ka ƙara minti 20 zuwa 25. ATR zai kai ka Abuja cikin awa biyu ba kaɗan.

Ina ganin mutanenmu suna raina jirgi mai farfela ba bisa haƙƙi ba. Wasu na ɗaukarsa tsohon yayi ne, ko mai haɗari. Injinsa dangin na jet ne, farfela ce kawai aka ɗaura masa, kuma a gajeriyar tafiya irin wannan ya fi jet tsimin mai nesa ba kusa ba. Kujerunsa wajen 70 ne. Boeing 737 yana ɗaukar 150 ko fiye, kuma samun mutum 150 masu zuwa Abuja daga Yamai a rana ɗaya abu ne mai wuya. Kamfanin da ya sa babban jirgi a wannan hanya zai riƙa tashi da rabin kujeru babu kowa, bayan ƴan watanni ya janye. Ƙarin rabin awa a cikin ƙaramin jirgi da ke tashi sau uku a mako ya fi mana babban jirgin da ba ya ɗorewa.

Man da jirgi ke ɗauka ma ba na nisan kaɗai ba ne. Boeing 737-800 yana shan kimanin tan biyu da rabi a awa, don haka zuwa Abuja tan uku ne ko kusa. Amma doka ta tilasta a ƙara na ko-ta-kwana, galibi kashi 5 cikin 100, a ƙara wanda zai kai shi wani fili idan sauka ta gagara, a kuma ƙara na shawagin minti 30 da ba a taɓawa sai dole. Ga mai zuwa Abuja, Kaduna tana kilomita 190 daga can, Kano kimanin 365. A 2017 ma, da aka rufe filin Abuja mako shida don gyaran titi, Kaduna aka karkatar da jirage. Ga mai zuwa Yamai, Wagadugu tana cikin manyan filaye mafi kusa. Idan aka haɗa, abin da ke cikin tanki yakan ninka na tafiyar. Wannan nauyi yana da ruwa da kayanka. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ya haura digiri 40, iska takan yi shara-shara, fukafuki ba su samun abin dogara sosai, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Ƙaramin jirgi cike da mutane a tsakar rana yana iya kasa ɗaukar duk akwatuna, sai a bar wasu su biyo na gaba. Magani, takardu, caja da kayan sawa na kwana ɗaya su kasance a jakar hannu.

Yanayi biyu ne ke lalata lissafi a wannan hanya. Hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi ta rufe sama. Jirgi ba ya damuwa da shi a can sama, wurin sauka ne matsala. Kowane fili yana da iyakar nisan gani da aka yarda a sauka da shi, gwargwadon na'urorin da ke jagorantar jirgi zuwa titi. Idan gani ya gaza wannan iyaka, sai a jira, ko a karkata wani gari, ko a soke. Hazo kuma yakan kwana biyu ko uku bai yaye ba, don haka wanda ke da taro ko ganin likita a Abuja a wannan lokaci ya bar kwana ɗaya a hannu. Na biyu hadari ne, daga Yuni zuwa Satumba. Hadarin yankinmu yana tasowa daga gabas ya nufi yamma a jere, kansa yana kaiwa kilomita 15 sama, ya fi inda jirgin fasinja ke iya hawa. Ba a ratsa shi, zagaye shi ake yi, kuma zagayen yana iya ƙara kilomita 100. Ya fi haɗuwa da la'asar zuwa dare. Da damina jirgin safe ya fi tabbas.

Duk wannan bayani na jirgin da ya miƙe ne kai tsaye, shi kuwa ba kullum ake samunsa ba. A nan ne abin yake min ciwo. Ƙasashe biyu masu iyakar da ta kai kilomita 1,500, masu harshe ɗaya a bakin miliyoyin mutane, masu auratayya da kasuwa tun kafin zuwan Turawa, amma mai zuwa daga wannan babban birni zuwa wancan sai ya fara gangarawa bakin teku. Lome, cibiyar kamfanin ASKY da ya fara aiki a 2010, tana kimanin kilomita 820 daga Yamai, daga can zuwa Abuja kuma 735. Jimla ta haura 1,500, ninki biyu ke nan. Ta Abidjan, cibiyar Air Côte d'Ivoire, kimanin 1,130 ne da 1,300, wato sama da 2,400, ninki uku da ɗoriya. Shafukan sayar da tikiti har ta Addis Ababa sukan nuna: kilomita 4,000 zuwa, kusan 3,450 dawowa, ninki goma na nisan gaskiya. Kowace sauka kuma tana da harajin filinta, shi ya sa tikitin maƙwabta yakan yi tsadar da ta kusa ta Turai.

Dalilan sanannu ne. Tun da Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, ya durƙushe a 2002, kamfanonin da suka maye gurbinsa kowanne yana tara fasinja ne a garinsa sannan ya rarraba su. An yi yarjejeniyar Yamusukuro a 1999 don buɗe sararin Afirka ga kamfanonin Afirka, an sake ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Addis Ababa a Janairun 2018, amma aiwatarwa tana tafiyar hawainiya. Sai siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta hana jiragen kasuwanci shiga da fita Nijar, ita ma Nijar ta rufe samanta daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba. Jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka riƙa zagayawa, wasu da ƙarin awa ɗaya ko fiye. Sai a 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. A waɗannan watanni nisan Yamai da Abuja bai ƙaru da taku ɗaya ba, amma marasa lafiya da ɗalibai da ƴan kasuwa sun ji a jikinsu.

A gefe guda, mai neman nisa tsakanin manyan birane ya lura cewa ba kullum jirgi ke sauka a babban birni ba. Na Kodibuwa Yamusukuro ne, amma Abidjan ake sauka. Na Benin Porto-Novo, ana sauka Kwatano. Mai zuwa Maroko Kasabalanka zai sauka, ba Rabat ba, mai zuwa Turkiyya Istanbul, ba Ankara ba, alhaji kuma Jidda ko Madina, ba Riyad ba. Ita kanta Abuja sai 12 ga Disamban 1991 gwamnati ta tare a cikinta daga Legas.

Mutumin Tawa lissafinsa daban ne, kuma da yawa ba su lura ba. Daga Tawa zuwa Abuja a miƙe kimanin kilomita 690 ne, ta fi Yamai kusa. Idan ya ce sai ya hau jirgi a Yamai, zai yi tafiyar kilomita 550 a kar yana nufar yamma, yana nisantar inda za shi, sannan ya gangara Lome, sannan ya dawo gabas. Ga wata hanya: Tawa zuwa Ƙonni kimanin kilomita 130, a tsallaka Illela, zuwa Sakkwato wajen 90, sai a hau jirgin cikin gida daga filin Sultan Abubakar na Uku zuwa Abuja, kilomita 490, tafiyar awa ɗaya, da kuɗin naira. Na Maraɗi yana da Katsina a kusa, na Damagaram yana da Kano. Sharuɗɗanta dai a kiyaye su. A tambayi halin iyaka da na tsaron hanya a ranar, daga bakin direbobin tasha da suka biyo ta jiya, a yi tafiyar da rana, a tabbata an buga hatimin shiga a fasfo a Illela, don wanda ya shiga ba hatimi zai sha tambaya wurin fita. Jiragen cikin gida kuma sukan sauya lokaci, gara a kwana Sakkwato a tashi da safe. Mota zalla daga Yamai zuwa Abuja, ko ta Gaya da Kamba ko ta Ƙonni da Sakkwato, ta haura kilomita 1,000, ba tafiyar wuni ɗaya ba ce ga mai son isa da sauran ƙarfi.

Wanda ya zaɓi jirgi daga Yamai kuwa, ya zauna ya karanta tikitinsa kafin ya biya. Lokutan da ke jiki na garin da ake ciki ne. Nijar da Najeriya agogonsu ɗaya, haka Benin da Cadi da Aljeriya. Togo, Burkina, Mali, Gana da Kodibuwa suna bayanmu da awa ɗaya. Saudiyya, Habasha da Turkiyya suna gabanmu da awa biyu. A ɗauki misali: an rubuta tashi daga Yamai 09:00, sauka Lome 09:35. Ba minti 35 ba ne, awa ɗaya ce da minti 35. An rubuta tashi daga Lome 13:00, sauka Abuja 15:25. Ba awa biyu da minti 25 ba ne, awa ɗaya ce da minti 25. Tun da agogon Yamai da na Abuja ɗaya ne, ka duba farko da ƙarshe kawai: daga 09:00 zuwa 15:25, awa shida da minti 25. Ka ƙara awa biyu zuwa uku na isa fili da wuri, da awa ɗaya ta jiran kaya da shiga gari. Wannan jimlar ita ce za ka gwada tikiti da tikiti da ita, kafin farashi. Idan ka ga ƙaramar alamar +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi, ka tambaya wa zai biya masauki.

Zangon da bai kai awa ɗaya da rabi ba yana da haɗari, jinkirin minti 40 a Yamai ya isa ya sa ka rasa na biyu. Idan tikiti ɗaya ne, kamfani zai sa ka a na gaba. Idan kuwa tikiti biyu ka saya daban-daban don neman rahusa, asarar a kanka take, kuma sai ka karɓi kayanka a tsakiya ka sake auna su. Sunan da ke tikiti ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, abin da ke yawan ba mu matsala saboda Mahamadou da Mohamed da Muhammadu. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ya kasance tare da fasfo, ana tambayarsa.

Sai takardar da ake liƙa wa akwati a wurin awo. Kowane fili yana da haruffa uku: Yamai NIM, Lome LFW, Abuja ABV, Abidjan ABJ. Harafi ɗaya ne tsakanin Abuja da Abidjan, kuma jiragen biyu sukan tashi kusa da juna. Kafin akwatin ya shige bayan labule, ka sunkuya ka karanta abin da aka liƙa masa, ka ga ABV ce a matsayin zangon ƙarshe. Ƙaramin yankin da za a manna maka a bayan tikiti kuma ka adana shi har ka fita daga filin Abuja, don da lambarsa ake neman kaya idan ba su iso ba.